Barista Kamalu da Garmar Golmo

"Ni Kamalu, shekara ashirin da takwas ina kwana da doka ina tashi da ita. Ba a haifi lauyan da za ya kada ni ba cikin Zuru, uwar da za ta haife shi ma ba ta yi wayo ba tukuna!"

Haka yake faɗa kullum, a teburin mai shayi, a tashar 'yan kabu-kabu, har a zaman makoki idan ya ga shirun ya yi yawa. Kai kuwa abokina, in ba ka san shi ba sai ka rantse wani tsohon alƙali ne ya sauka garinmu hutawa. To bari in raɗa maka, masinjan kotu ne ya yi ritaya. Shekara ashirin da takwas ɗin nan a hammata ya ɗauki dokar, daga ofishin rajista zuwa teburin mai shari'a, ya sake dawowa da ita. Bai taɓa buɗe fayil ba sai in iska ce ta buɗe masa. Amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, don haka ya fito daga aiki da kalmomin Turanci uku ko huɗu, da wata baƙar kwat da wani lauya ya manta a kotu, da tumbi. Mu muka sa masa Barista don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu, har ya sa na rubuta masa a ƙofar gida.

Ni mai fenti ne, rubuta allunan shaguna ne sana'ata, kuma shagona yana kallon zaurensa. Saboda haka ganau ne ke ba ka labari, ba jiyau ba. Har da hannuna a cikin ɓarnar, za ka ji.

Abin ya faro ne da wani ɗaurin aure da ya je Jos. Bayan an shafa fatiha aka zaga da su gidan tarihi. Barista ya dawo idonsa na ƙyalli, ko babbar rigarsa bai cire ba ya faɗo shagona.

"Mai fenti, ka san abin da na gani? Tsofaffin tukwane! Waɗanda ko kaza ba ta shan ruwa ciki. An sa su cikin gilashi, mutane na layi, mai gadin tukwanen kuma ana ce mishi Darakta. Mu nan muna zaune bisa tarihi muna hamma!"

Kafin mako ya zagayo ya kori awakin matarsa Zulaiha daga ɗakin da ke jikin zaure, ya sa an shafe shi da farar ƙasa, ya hau tsohon babur ɗinsa ya shiga gida-gida, daga cikin Zuru har Dabai. Maganarsa ɗaya ce ko'ina: aro ne, na wata biyu kacal, don 'yan makaranta su ga abin kakanninsu. Ka san garinmu, da wuya ka shiga gida uku ba ka tarar da tsohon soja ko hotonsa a bango ba. Sai ga lambobin yabo, ga hular kwano, ga gorar ruwan soja. Wani ya ba da baka da kwari, wani ganga, wani kayan 'yan kokawa. Kofur Francis, tsohon sojan da ke bayan layinmu, ya cire lambarsa daga cikin akwati ya goge ta da hannun riga kafin ya miƙa. Ni ma na ba da fitilar keken babana. Mutum arba'in da uku muka ba shi kaya, ba wanda ya ce a rubuta komai, don a wurinmu in dattijo ya ce aro, aro ne.

Daga nan aka zo kan rubutun bayani, aikina ke nan. Barista na faɗa ina rubutawa. Fitilar babana, wadda na san ranar da aka sayo ta a kasuwar Zuru, ta zama "fitilar Bature na farko da ya hau dutsen nan". Tukunyar miyar Zulaiha ta ɓace daga madafa ranar Talata, ranar Laraba ta bayyana a kan tebur da sunan "tukunyar sarauniya, shekara ɗari uku". Na ce, "Barista, wannan ai har yanzu tana warin daddawa." Ya ce, "Sarauniya ba ta cin daddawa ne? Rubuta!"

Sai babban allo na bakin ƙofa. Wannan da kansa ya tsaya a kaina har na gama, da jan fenti:

ABIN DA YA SHIGO YA SHIGO KE NAN. BA YA FITA SAI DA IZININ MAI WURI.

Na ce, "Wace doka ce wannan?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Sashe na goma sha tara. Kai dai tsaya ga gwangwaninka."

Sashe na goma sha tara na wane littafi, har yau ban sani ba, shi ma haka.

To, cikin kayan nan akwai garma guda, ta wata tsohuwa a Dabai, Mama Saloma. In kai baƙo ne a ƙasarmu, bari in gaya maka abin da ake kira golmo. A al'adar mutanen dutse, saurayi ba ya samun mata da baki. Gonar surukinsa zai shiga ya yi noma damina bayan damina, har bakwai, sannan a ba shi yarinya. Da wannan garma marigayi Dominic ya yi wa Saloma golmo, damina bakwai, ba fashi. Sun yi shekara hamsin da wani abu tare. Da zai rasu ya bar wasiyya ɗaya: duk wanda zai auri jikarsu Rachael, ko da zamani ya hana shi golmo, a danƙa masa garmar nan ya ja ko kunya ɗaya ce a gonar gidan kafin a tafi coci. Tun daga ranar tsohuwa ke shafa wa garmar man kaɗanya, tana goge ta da tsumma, har kana iya ganin fuskarka a bakinta. Ta ba Barista aro ne kawai don ya ce yaran yanzu ba su san wahalar da kakanninsu suka sha kafin su yi aure ba. Wannan magana ce ta taɓa ta.

Barista ɗan cikin gari ne, bai taɓa jan kunya ba tun da uwarsa ta haife shi. Da ya dubi garmar, abin da ya gani kawai shi ne ta cika ƙyalli.

"Tarihi ba ya ƙyalli," in ji shi. "Wa za ya yarda da tsohon abu mai walƙiya kamar sabon kwano?"

Ya haƙa rami a bayan gida inda ruwan wanke-wanke ke malala, ya barbaɗa gishiri da kanwa, ya binne garmar mako uku. Zulaiha ta yi ta cigiyar gishirinta, har ta daina gaisawa da maƙwabciyarta. Da aka tono garma, ta yi jawur da tsatsa, ƙotar ta yi baƙi. Barista ya yi murmushi ya ce in rubuta: "Garmar yaƙi, shekara ɗari huɗu. Da ita kakanni suka kori mahara daga kan dutse." Na rubuta. Allah ya yafe mini.

Wata biyu suka wuce, suka zama biyar. Masu kaya suka fara zuwa, Barista na nuna musu allo suna komawa da gunaguni. Baƙi kuwa, in ka cire awakin Zulaiha da ke leƙowa suna neman tsohon ɗakinsu, ba su kai a ƙirga ba. Amma kullum da safe Darakta zai sa kwat ya zauna bakin ƙofa da rajistar baƙi a cinya.

Da ruwan farko ya sauka, sai ga Mama Saloma a bayan ɗan kabu-kabu. An sa ranar auren Rachael da wani malamin makaranta mai suna Japhet, saura mako shida. Ta gaishe shi da ladabi ta ce ta zo ɗaukar garmarta.

"Mama, wace garma?"

"Ta mijina. Wadda na ba ka aro."

"Aro?" Barista ya gyara zaman kwat. "Mama, kin iya karatu?"

"Ban iya ba."

"To bari in karanta miki." Ya nuna allon da sanda, ya karanta mata kalma-kalma, da ƙarfi, yadda duk layin zai ji. "Sashe na goma sha tara ke nan. Kuma ga takarda, kin dangwala yatsa cewa kyauta kika ba wanga gida har abada."

Ya zaro takarda mai hatimi, da shuɗin dangwale a ƙasa.

"Ni ban taɓa tawada ba, Malam Kamalu."

"Tsufa ne, Mama. Mantuwa."

Ta ce to ko gani ne a bar ta ta yi. Ya bar ta ta shiga. Ina tsaye a bakin ƙofa lokacin da idonta ya sauka a kan garmar. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta miƙa hannu za ta shafa, Barista ya ce, "A kalla da ido, ba a taɓawa!" Ta janye hannun, ta tsaya tana kallon tsatsar, hawaye na bin kumatunta. A hankali ta ce, "Dominic, ka ga abin da na yi." Wallahi abokina, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na koma shago na kasa riƙe buroshi har yamma.

Abin da Barista bai sani ba, ko ya sani ya raina, shi ne amaryar da kanta lauya ce a Birnin Kebbi. Kwana uku sai ga ta, 'yar siririya, da tabarau, da muryar da ba ta tashi sama. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, don Allah a ba Kaka garmarta. Ba ma son magana ta yi nisa."

"Ɗiyata, yaushe kika gama makaranta?"

"Shekara huɗu ke nan, Baba."

Ya yi dariya har tumbinsa na rawa. "Huɗu! Ranar da anka haife ki ina da shekara goma a kotu. Mi kika sani? Je ki shirya bikinki, ki bar doka ga masu ita."

"To Baba, ko zan iya samun kwafin takardar da Kaka ta dangwala?"

Nan ne mai hankali zai yi shiru. Barista kuwa ya ga dama ta samu ta tsorata yarinya. "Kwafi ɗaya? Ke, ba ki san da wa kike yi ba!" Ya ɗauko fayil ɗin takardun masu kayan gaba ɗaya, ya taka da ƙafarsa har shagon hoton takardu, ya buga mata takardu arba'in da uku, ya buga wa kowace hatimi, ya danƙa mata. "Je ki karanta, ki ƙaru."

Ta ce, "Na gode, Baba." Har da ɗan rusunawa.

Ba a daɗe ba sai ga sammaci, Mama Saloma ta kai ƙara. Ranar shari'a kotu ta cika maƙil, har tagogi. Kotun da ya yi wa aiki ce, mai shari'ar ma ya san shi. An ba shi shawara ya ɗauki lauya, ya ce likita ba ya zuwa wurin boka. Ya iso cikin kwat, da littattafai uku a hammata, waɗanda daga baya muka gano ɗaya kundin koyon tuƙin mota ne.

Mai shari'a na leƙowa daga ƙofa, kafin ma'aikacin kotu ya buɗe baki, sai muka ji tsawa daga akwatin wanda ake ƙara: "Koootu!" Barista ne. Jiki ya saba. Har ya taka zai karɓi fayil daga hannun mai shari'a, sai da aka ja masa kwat.

"Kamalu," in ji mai shari'a, "yau kai ake ƙara. Koma wurinka."

Aka ajiye garma a kan tebur. Rachael ta miƙe.

"Baba Kamalu, garmar nan shekararta nawa?"

"Ɗari huɗu cif. Ko kwana ɗaya bai ragu ba."

"Ka tabbata?"

"Ni Darakta ne, ɗiyata."

"Madalla. To Baba, kayan da suka kai wannan shekaru ba a yin gaban kai da su, hukumar kula da kayan tarihi ta ƙasa tana da ta cewa. Ka sanar da ita kana riƙe da su? Ina takardar da ta ba ka?"

Barista ya buɗe littafi ɗaya, ya rufe. Ya buɗe na tuƙin mota, ya rufe da sauri.

"Da na ce ɗari huɗu, ya mai shari'a, ai kimantawa ce irin ta masana. In an duba da kyau, za ta yi ɗari biyu."

"Ɗari biyun ma sai da sanin hukuma, Baba."

"To ɗari."

Daga can baya Kofur Francis ya ɗaga murya kamar mai sayar da akuya a kasuwa: "Albarka!"

Kotu ta tuntsire da dariya. Mai shari'a ya buga tebur, amma na ga ya rufe bakinsa da hankici.

"Hamsin," in ji Barista, gumi na tsattsafo masa. "Wallahi ba ta wuce hamsin da 'yan kai ba. Sabuwa ce ma, in an bi ta gaskiya."

"Ke nan abin da ka sa aka rubuta wa jama'a ƙarya ne?"

"Kuskuren mai fenti ne!"

Ka ji fa! Na miƙe zan yi magana, sai Mama Saloma ta riga ni. Ta ce, "Ranka ya daɗe, a gabana maƙerin Dabai ya ƙera ta, ina budurwa. In ita ɗari huɗu ce, ni nawa ke nan?"

Da ƙyar aka samu shiru. Rachael ta ɗauko takardun nan arba'in da uku ta shimfiɗa su a gaban mai shari'a, ɗaya bayan ɗaya, har tebur ya cika.

"Ya mai shari'a, ƙarƙashin kowane dangwale an rubuta 'babban yatsan dama', yadda ake yi a kotu. A nan kam Baba ya ƙware. Sai dai ina roƙon a duba da kyau. Mutum arba'in da uku, maza da mata, Musulmi da Kirista, kowa yatsansa da tsaga guda a tsakiya, a wuri ɗaya."

Mai shari'a ya sa tabarau ya duba. Ya ɗago. "Kamalu?"

Ka san me mutumin nan ya ce? Ko ƙifta ido bai yi ba.

"Ya mai shari'a, mutanen Zuru ai dangin juna ne. Auratayya ta yi yawa. Dole yatsa ya yi kama."

Rachael ta ce a kira mai takarda ta goma sha bakwai. Kofur Francis ya tako, ƙafa na dukan ƙasa kamar yana fareti, ya ƙame, ya ɗaga hannun dama sama. Yatsu huɗu ne.

"Ranka ya daɗe, babban yatsan nan a Laberiya na bar shi, shekara talatin da wani abu ke nan. Barista, in kai ka tsince shi, ka maido mini, ka haɗo da lambata."

Mai shari'a ya ce, "Kamalu, nuna wa kotu babban yatsanka."

Hannun Barista ya shige aljihun kwat. "Ya mai shari'a, ina ƙalubalantar wagga tambaya. Sanyi nake ji a hannun."

Sai wata murya daga ɓangaren mata: "Gwangwanin kifi ne ya yanke shi, ranka ya daɗe, ni na ɗaure mishi da tsumma!" Zulaiha ce, ta miƙe tsaye, mayafi a kafaɗa. "Kuma tunda an zo wurin gaskiya, a tambaye shi gishirina da ya binne garmar mutane da shi. Wata biyar ba na gaisawa da maƙwabciyata a kan banza. Da tukunyata! Sarauniyar ga ta nan tsaye, tana dafa miya a gwangwani!"

Aka zaro hannun. Ga tsaga nan, daram a tsakiya.

Mai shari'a ya daina dariya. Ya ce aro aro ne, allo ba ya mayar da shi kyauta, ko da zinariya aka rubuta shi. Kowa a mayar masa da kayansa kafin rana ta faɗi. Batun dangwala wa mutane yatsa kuwa ba wasa ba ne, na 'yan sanda ne, kuma ƙarshensa gidan yari.

Abokina, ka taɓa ganin an zare wa buhu ɗinki? Haka Barista ya sulale ƙasa, kwat da littattafai da komai. "Ya mai shari'a, ka tuna ruwan sanyin da nake kawo maka! Mama Saloma, ki dubi Allah! Zan saya miki sabuwar garma, biyu ma, har da fartanya!"

Tsohuwa ta miƙe a hankali, ta dafa kafaɗar jikarta.

"Ranka ya daɗe, gidan yari ba zai cire tsatsa ba. Sabuwar garma kuma ba ta san hannun Dominic ba."

"To in kai ta wurin mai injin wasa wuƙa," in ji Barista daga ƙasa, "minti biyar ta yi fes!"

"Inji ya cinye mini ƙarfen? A'a. Garma ƙasa ce ke wanke ta. Wanda ya sa mata tsatsa, shi zai shiga gonata ya yi ta huɗa da ita, har in ga fuskata a bakinta kamar da. In ya yi haka kafin ranar biki, na yafe."

Kofur Francis ya ce shi da sauran masu kaya su ma sun yafe, da sharaɗi ɗaya, a bar su su je kallo. Mai shari'a ya ce tunda masu haƙƙi sun zaɓi sulhu, a rubuta. Aka rubuta, aka kawo tawada, Barista ya dangwala yatsan nan mai tsaga, karo na farko a ƙarƙashin sunansa.

Da la'asar aka watse gidan tarihi. Kowa ya rungumi abinsa, Zulaiha ta ɗora tukunyarta a ka, awaki suka koma ɗakinsu tun kafin a gama shara. Mama Saloma ta tsaya a bakin ƙofa ta ce da ni, "Ɗana, katakon nan mai jan rubutu, yana da mai shi?" Na ce ni na yi shi, kuma na ba ta. Ta sa aka ɗaure mata shi a bayan babur.

In gajarce maka, kwana goma sha ɗaya garmar ta ɗauka kafin ta washe. Ranar biki Japhet ya karɓe ta tana ƙyalli, ya ja kunyarsa ɗaya miƙaƙƙiya, Mama Saloma ta yi kuka ta yi dariya a lokaci guda. Amma abin da Zuru ba za ta manta ba shi ne ranar farko.

Da hantsi Barista ya iso gonar, cikin kwat, wai don a san ba ƙaramin mutum ba ne. Ya tarar da abin da bai taɓa samu ba a gidan tarihinsa: jama'a. 'Yan kabu-kabu sai sauke mutane suke yi. Wata makaranta ta kawo aji biyu a layi, malamarsu na cewa, "Ku duba da kyau, haka ake golmo." Tsofaffin da suka yi nasu golmon tun zamanin da, suka zauna a gindin ɗorawa da gangar da aka karɓo jiya. Da ya ga taro, sai tsohon ciwon ya motsa. Ya ɗaga garma sama.

"Jama'a, noma lissafi ne, ba ƙarfi ba! Wagga gona, kafin azahar na gama da ita!"

Aka buga ganga. Ya duƙa.

Kunyar farko ta tafi kamar maciji ya sha duka. A ta biyu kwat ta yage daga wuya har ƙugu. A ta uku ya sare gindin kuɓewar tsohuwa, ya nemi kama yatsan ƙafarsa. Tsofaffi na waƙa, mata na guɗa, wata ta ce, "Wayyo, golmo da furfura, kuma ba amarya!" Kofur Francis na bin sa a baya yana ba da umarni, "Hagu! Dama! Ba nan ba, Darakta!" Kafin rana ta take, tafin hannunsa ya yi ƙulli-ƙulli da ruwa, numfashinsa na fita kamar na tsohon babur ɗinsa a kan tudu.

Ya ajiye garma. Ya miƙe da ƙyar, hannu a ƙugu, ya tattaro ragowar muryarsa.

"An ɗage zama sai gobe."

Ya nufi ƙofar shinge yana ɗingishi. A nan ya ci birki. Mama Saloma na zaune a kan kujera 'yar tsugune a bakin ƙofar, tana ɓare gyaɗa. A gefenta, an kafa katako mai jan rubutu.

"Barista," ta ce, "ka san ban iya karatu ba. Karanta mini."

Ya dubi allo. Ya dubi jama'a. Ya dube ni, na ɗauke kai.

"Da ƙarfi, yadda ka yi ran nan."

Ya karanta: "Abin da ya shigo... ya shigo ke nan. Ba ya fita sai da izinin mai wuri."

"Wa ke da wurin nan?"

"Ke ce, Mama."

Ta jefa gyaɗa a baki, ta nuna masa garma da haɓa.

"Sashe na goma sha tara. Koma ka duƙa."